Gasar labarin ƙasa ta duniya: abin da ɗalibai ke zuwa yi, da abin da ke hana 'yan Afirka zuwa

Tsakanin watan Yuli da Agusta na kowace shekara, lokacin da damina ta kankama kuma makarantu ke dogon hutu, ɗaliban sakandare daga ƙasashe fiye da 40 kan ɗaure kayansu su haɗu a birni guda domin gasar labarin ƙasa ta duniya, wadda aka fi sani da iGeo. Kowace ƙasa ɗalibai huɗu take turawa, tare da manya biyu masu jagorantarsu. A 2023 an yi ta a Bandung na ƙasar Indunusiya, a 2024 a ƙasar Ailan, a 2025 kuma a Bangkok, babban birnin Tailan.

Wanda ya duba jerin ƙasashen da ke halarta zai ga Turai da Asiya ne suka cika shi. Afirka, nahiyar da ta fi kowace yawan matasa idan aka kwatanta da yawan jama'arta, ba ta da wakilai sai 'yan ƙalilan. Dalilan hakan sun shafi iyaye da malamai a Garwa da Injamena da Kumasi da Damagaram kai tsaye, domin ba ƙarancin basira ba ne.

Asalin gasar

Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, IGU, wadda aka kafa a Brussels a 1922, ita ce uwar gasar. A taronta na 1994 a birnin Prague wasu malamai daga Polan da Holan suka kawo shawarar a shirya wa 'yan sakandare gasa irin wadda ake yi a fannin lissafi. Shekara biyu bayan haka, a 1996, aka yi ta farko a birnin Hague, ƙasashe biyar kacal suka shiga: Holan, Beljiyam, Jamus, Polan da Sulobeniya.

Da farko duk bayan shekara biyu ake yin ta. Daga 2012 ta koma kowace shekara, in ban da 2020 da annobar korona ta hana. A 2021 da 2022 ta intanet aka yi, Istanbul da Paris suka karɓi baƙuncinta a suna, ɗalibai kuwa kowa na zaune a ƙasarsa. Sau biyu ta zo Afirka: Durban ta Afirka ta Kudu a 2002, sai Carthage ta Tunisiya a 2008.

Sharaɗin shiga shi ne ɗalibi ya kasance tsakanin shekara 16 da 19, bai fara jami'a ba, kuma ƙasarsa ce ta zaɓo shi ta hanyar gasar cikin gida. Ɗalibi ba ya rubuta takarda da kansa ya ce yana so ya je, makaranta ɗaya ma ba ta iya tura nata. Ƙasa ce ke shiga.

Ba haddar sunayen birane ba ce

Da yawa kan ɗauka gasar labarin ƙasa kacici-kacici ce: faɗi babban birnin ƙasa kaza, wane kogi ne ya fi tsawo. Wanda ya je iGeo da wannan shirin kaɗai zai dawo hannu rabbana. Jarrabawa uku ake yi, kuma a cikinsu babu wadda hadda zalla ke fitar da mutum.

Ta farko rubutacciya ce, tana ɗauke da kashi 40 cikin 100 na maki. Ana ba ɗalibi ɗan littafi mai cike da taswirori da hotuna da jadawalin alƙaluma, sannan a yi masa tambayoyi a kan batutuwa kamar shida. Batutuwan kan fito ne daga fannoni 12 da aka sanar tun da wuri, ciki har da yanayi da sauyinsa, bala'o'i irin su ambaliya da girgizar ƙasa, noma da abinci, yawan jama'a, birane, yawon buɗe ido da tattalin arziki. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya karanta abin da ke gabansa, ya faɗi abin da ya gani, ya bayyana dalilinsa, wani lokaci kuma ya ce ga abin da ya kamata a yi.

A ɗauki misalin Tafkin Chadi, wanda irin batun da kan dace da wannan jarrabawa ne. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Idan aka ajiye wa ɗalibi hotunan tauraron ɗan'adam na waɗannan shekaru aka ce ya yi bayani, wanda ya rubuta "sauyin yanayi" ya tsaya nan, maki kaɗan zai samu. Wanda zai ci shi ne wanda ya san cewa tafkin ba shi da zurfi, don haka ruwa kaɗan ya ragu sai fili mai yawa ya bushe. Cewa kusan duk ruwan da ke shiga cikinsa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, wato ruwan saman da ya sauka can kudu, har Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, shi ke yanke hukuncin abin da masunci zai tarar a Baga ko Bol. Kuma cewa tafkin ya ɗan farfaɗo daga baya, yana cika yana janyewa gwargwadon damina. In ya ƙara da cewa ƙasashe huɗu, Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, sun kafa hukumar kula da tafkin tun 1964 domin ruwan bai san iyaka ba, to ya nuna ya fahimci abin da fannin ke nufi.

Jarrabawa ta biyu ita ce ta fita fili, ita ma kashi 40. A nan ne gasar ta bambanta da sauran gasannin ilimi. Ana kwasar ɗalibai a mota a kai su wata unguwa ko bakin kogi ko gefen gari da ba su taɓa gani ba, a ba su takarda da fensir da ƙayyadadden lokaci. Su zagaya, su lura, su ƙirga, su zana taswira da hannunsu: ina gidaje suke, ina shaguna, ina ruwa ke bi idan an yi sama, ina mutane ke cunkushewa. Taswirar dole ta zo da take, da alamar arewa, da ma'auni, da bayanin alamomin da aka yi amfani da su. Idan ma'aunin 1:5,000 ne, santimita ɗaya a takarda mita 50 ke nan a ƙasa, kuma wanda ya kuskure wannan lissafi duk zanensa ya tashi a banza. Bayan an dawo sai a zaunar da su a ba su matsala game da wurin da suka gani, alal misali inda ya dace a gina tasha ko yadda za a rage haɗarin ambaliya, su ba da shawara su kare ta da hujja daga abin da idonsu ya gani.

Ta uku ita ce mafi sauri, kashi 20: tambayoyi 40, kowace da hoto ko taswira ko ɗan bidiyo, ɗalibi ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu. Za a iya nuna masa jadawalin ruwan sama na wata 12 a ce wane gari ne. Wanda ya san Duwala na samun fiye da milimita 3,000 a shekara, Agadas kuwa ba ta kai 200 ba, ba zai rikita su ba. Ko a nuna masa zanen shekarun jama'ar wata ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, ya gane ƙasa ce mai yawan yara kamar Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su wuce shekara 15 ba, ba Japan ba, inda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun haura 65.

Kusan rabin ɗaliban da suka shiga kan samu lambar yabo, kuma ana raba su ne bisa tsarin ɗaya, biyu, uku. Idan a ce ɗalibai 180 ne, to wajen 15 za su samu zinare, 30 azurfa, 45 tagulla. Kowane ɗalibi kansa yake wa jarrabawa, daga baya a haɗa makin 'yan ƙasa ɗaya a ga matsayinta. Ban da jarrabawar akwai ranar da kowace tawaga ke baje babban allon bayani a kan wani batu na ƙasarta, da daren al'adu, da yawon ganin gari. Waɗannan ba sa shiga makin lambar yabo.

Yadda ƙasashen da ke ci suke shiri

Polan da Romaniya da Singafo na cikin ƙasashen da sunansu ya fi fitowa a sahun gaba, Indunusiya ma ta zo ta ɗaya a Hong Kong a 2019. Ba sa'a ba ce. Polan na da gasar labarin ƙasa ta cikin gida tun shekarun 1970, ana tankaɗe da rairaya daga matakin makaranta zuwa na lardi zuwa na ƙasa, kuma waɗanda suka yi fice na samun sauƙin shiga jami'a, abin da ke sa ɗalibi da iyayensa su ɗauki abin da muhimmanci. Indunusiya ta saka labarin ƙasa cikin gasar kimiyya ta ƙasa baki ɗaya, sannan a tara waɗanda suka ci a sansanin horo, malaman jami'a su yi ta gwada su har a fitar da huɗu. A Ostireliya dubban ɗalibai ke rubuta zagayen farko a makarantunsu, a zaɓi kaɗan a kai su mako guda na aikin fili, daga nan a tsamo tawaga.

Abin lura a nan shi ne ɗalibai huɗun da ke hawa jirgi su ne ƙaramin ɓangaren al'amarin. Ribar ƙasa tana wurin dubban da suka yi shiri ba su je ba, da malaman da dole suka sake yadda suke koyarwa.

Turanci, da waɗanda ba da shi suke karatu ba

Da Ingilishi ake yin gasar, tambaya da amsa. Ga ɗan Zango a Kumasi ko Tamale da ke shirin jarrabawar WASSCE, ko ɗalibin da ke bin tsarin GCE a Kamaru, wannan ba wani cikas ba ne. Amma ga wanda ke shirin bakaloriya a Marwa ko Maraɗi ko Abeshe da Faransanci, ko wanda ya yi karatunsa da Larabci a Sudan, tambayar farko da zai yi ita ce ko yana da wuri a ciki.

Yana da shi. Dokokin gasar sun yarda wanda ba da Ingilishi yake karatu ba ya shiga da ƙamus, kuma ana ƙara masa lokaci. Masu dubawa hujja suke nema, ba ƙwarewar nahawu ba. Ɗaliban Polan da Romaniya da Indunusiya da harsunansu suke karatu a gida, bai hana su kwashe zinare ba. Tunisiya, inda ake karatu da Larabci da Faransanci, ta shiga gasar har ta karɓi baƙuncinta. Duk da haka ba za a ce harshe ba komai ba ne: wanda zai rubuta bayani a kan zaizayar ƙasa cikin minti 20 yana bukatar kalmomin fannin su zauna masa a ka, kuma wannan aikin watanni ne.

Akwai ma wata fa'ida da ɗaliban tsarin Faransanci ke da ita. A wurinsu tarihi da labarin ƙasa tafe suke tare, kuma an saba ba su takardu da taswira a ce su yi sharhi, wanda shi ne ainihin abin da rubutacciyar jarrabawar ke nema. Inda ake samun rauni, a tsarin Faransancin da na Ingilishin duka, shi ne aikin fili. A makarantu da dama ɗalibi kan gama sakandare ya haddace sunayen duwatsun Turai, amma ba a taɓa fita da shi bayan katangar makaranta an ce ya zana unguwarsu ba. Aji mai ɗalibai 80 ko 100 da malami ɗaya ba ya ba da damar haka cikin sauƙi, taswirar bango ma wani lokaci babu.

Abin mamaki ne kuwa, domin sanin ƙasa ba baƙon ilimi ba ne a wannan yanki. Madugan da suka riƙa kai ayari Gwanja sayen goro sun san rijiya da mashigin kogi da zangon kowace rana. Alhazan da suka bi ta ƙasa zuwa Makka, waɗanda jikokinsu ke zaune yau a Mai Wurno da sauran garuruwan bakin kogin Nilu, haka. A 1824, da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa an zana masa taswirar yankin, aka buga ta a Landan a 1826. Yaron da ya tashi a Kusiri yana ganin Logon na cika yana shiga gidaje, ko wanda ya ji manya a Garwa da Yola na muhawara kan madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 kuma ake ta ambatonta a ambaliyar Najeriya ta 2012 da 2022, ya riga ya san rabin darasin. Abin da ya rage a koya masa shi ne yadda zai sa shi a takarda, da yadda zai bambanta laifin madatsa da na ruwan sama mai yawa da na gini a kan hanyar ruwa.

Kuɗi, fasfo da biza

Ko an samu ɗaliban, sai an kai su. Kowace ƙasa ita ke biyan kuɗin jirgin mutum shida, da biza, da inshora, da kuɗin rajista wanda daga cikinsa mai masaukin baƙi ke ɗaukar nauyin kwana da abinci. Tikiti shida daga Yawunde ko Yamai zuwa Bangkok ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ƙungiyar malamai, kuma ma'aikatun ilimi da ke fama da albashi da rufin azuzuwa ba kasafai suke saka irin wannan a kasafinsu ba. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka 'yan kaɗan da suka taɓa tura tawaga.

Sai batun takardu, wanda ya fi ƙarfi ga mazauna kan iyaka. Fasfo ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, kuma a arewacin Kamaru da wasu sassan Chadi da Nijar yara da yawa ba a yi musu ita a kan lokaci ba. Wasu sai sun zo jarrabawar ƙarshen firamare ake ganewa, a shiga neman takardar kotu da za ta maye gurbinta. Ɗalibin da bai kai 18 ba kuma yana bukatar rubutaccen izinin iyaye kafin ya fita. Ga iyalin da kakanninsu suka zo daga wata ƙasa shekara ɗari da suka wuce, tabbatar da zama ɗan ƙasa a gaban jami'i kan ɗauki lokaci fiye da na maƙwabcinsu. Iyayen da ke da yaro mai ƙoƙari, gara su gyara waɗannan takardu tun yana ƙaramin aji, domin ba wannan gasa kaɗai ke bukatarsu ba, duk wani tallafin karatu a waje da su ake nema.

Biza ita ce ƙofa ta ƙarshe. Kuɗin bizar ƙasashen Schengen ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a watan Yunin 2024, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. 'Yan Afirka na cikin waɗanda aka fi hanawa. Takardar gayyata ma ba ta ba da tabbaci: a 2017 Amurka ta hana tawagar ɗaliban Gambiya bizar zuwa gasar ƙera mutum-mutumi a Washington, sai da labarin ya bazu a kafafen watsa labarai aka sake dubawa aka ba su. Shi ya sa ƙasar da za a yi gasar ke da tasiri a kan wanda zai iya zuwa, kuma shi ya sa masu shirya tawaga kan fara neman biza watanni kafin lokaci, wani lokaci tun ba a gama zaɓen ɗaliban ba.

Ta ina ake farawa

Fannin lissafi ya nuna hanya. Afirka na da gasar lissafi tata tun 1987, inda ƙasashe masu Faransanci da masu Ingilishi ke haɗuwa, kuma ta nan ƙasashe da dama suka samu ƙwarin zuwa ta duniya, wadda ita ma ta zo Cape Town a 2014. Gasar da ake yi kusa, wadda mota ke iya kai mutum, ta fi sauƙin ɗorewa a kan wadda sai an tsallaka teku.

Ƙasar da ke son shiga iGeo tana bukatar wata ƙungiya tsayayya, galibi ta malaman labarin ƙasa ko wani sashe na jami'a, da za ta shirya gasar cikin gida ta kuma tuntuɓi kwamitin da IGU ta ɗora wa alhakin gasar. Jami'o'in yankin, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa ta Ngaundere da ta Injamena da Bayero ta Kano, duk suna koyar da wannan fanni. Manya biyun da ke raka ɗalibai dole su kasance masu hannu a koyar da labarin ƙasa kuma suna jin Ingilishi, domin ɗaya daga cikinsu yana zama a majalisar da ke sa ido kan yadda gasar ke gudana, ɗayan kuma yana kula da yaran.

Malamin da ba ya son jiran ma'aikata yana da abin da zai fara da shi. Tambayoyin shekarun baya da yadda aka ba da maki suna nan kyauta a shafin gasar na intanet, ana iya sauke su a waya a buga. Aikin fili kuwa ba ya bukatar fiye da takarda, fensir, abin awo da izinin shugaban makaranta: a raba aji gida-gida, a ba kowane rukuni layi ɗaya na kasuwa ko gefe ɗaya na kwata, su auna da taku, su zana, su sa alamar arewa, su dawo su faɗi inda ruwa zai taru idan aka yi sama kamar da bakin ƙwarya, sannan a jira ruwan farko a je a duba.